Manhajar sikel ɗin nan ta fid da ni kunya, amma har yau ban yafe mata ba

Wata uku ke nan da na sayi manhajar nan ta sauya saitin sauti, wadda 'yan sitidiyon Titin Zoo suke ta yi wa juna tallarta. Ba sai na faɗi kuɗinta ba, duk wanda ya taɓa lallaɓar wani ya ara masa katin dala ya san abin da na ji a jikina. Na yi shiru ne don in yi aiki da ita sosai kafin in buɗe baki, kada in ɗauki alhakinta. To yanzu lokaci ya yi.

Ranar farko saura ƙiris in goge ta. Ni dai abin da na sani, ka buɗe jerin sikel, wato tsanin sautukan da ake gina kiɗa a kai, ka ga manjo, ka ga maino, ka danna ka ci gaba da aikinka. Nan kuwa sai na tarar da lissafi: 5L 2s, 2L 3s, 3L 4s, 5L 3s, a ƙarƙashin kowanne kuma wasu lambobi da sanda a tsakaninsu, 6|0, 5|1, 4|2. Na ce yau na ga ta kaina, lissafin da na gudar wa a sakandare ya biyo ni har sitidiyo, kuma da kuɗina na sayo shi. Takardar bayanin shafi biyu ce, rabinta ma godiya ce ga mai saye. Na rufe, na yi sati biyar ban waiwaye ta ba.

Abin da ya dawo da ni wata Laraba ce. Wani mawaƙin biki da muke aiki tare ya karɓi aikin waƙar amarya, uwar amarya kuma ta ce ita lallai goge take so a ciki, na gaske, ba na kwamfuta ba. Biki Asabar. Sai ga shi da wani dattijo daga wajen Gezawa, gogensa a cikin jakar buhu. Na miƙa masa kujera ya ƙi, ya zauna a kan darduma, ya fito da ɗan ƙaro ya shafa wa izgar, ya ɗumama fatar ƙoƙon da tafin hannunsa. Da ya ja shi kaɗai, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na riga na haɗa kiɗan a manhajar FL Studio tun dare, da fiyano da bes da komai, don haka na ce an gama, minti talatin mun tashi.

Ina sakin kiɗan a ƙarƙashin gogen sai abu ya yi tsami. Sautin farko ya zauna daram. Na huɗu ma babu laifi. Amma duk sanda Baba ya sauka a kan na uku sai ka ji su suna cizon juna da fiyanon kamar kishiyoyi a tsakar gida. Na ɗaga kii, na sauke kii, inda ya gyaru nan sai ya ɓaci can. Janareta na ta shan mai, mawaƙi na ta duba agogon waya. Da na rasa dabara sai na yi abin da kowa yake yi, na ɗora wa gogen ototun, abin nan mai jan sauti ya daidaita shi da na fiyano. Ya fito sumul, kamar kukan sauro a cikin kwalba. Na sa wa Baba hedifon. Ya saurara har ƙarshe, ya cire a hankali, ya ce, “Yaro, wa ka kira ya goga bayan ni? Wannan ba gogena ba ne.”

Maimakon in yi shiru sai na ƙara da cewa, “Baba, ko za a ɗan sassauto da yatsan nan na uku, kaɗan kawai?”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ɗana, tun ba a haife ka ba yatsan nan a nan yake sauka. Akwatin naka ne zai matso ko ni?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaron da yake koyon aiki a wajena ne ya matso ya ce min a kunne, “Oga, abin nan da ka saya fa? Ba wannan ne aikinta ba?”

Muka roƙi Baba ya riƙe kowane sauti ya ja shi da tsayi, muka auna. Ma'aunin sunansa sent, wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya yaɗa shi a 1885 a binciken da ya yi kan sikel na al'ummu daban-daban. Daga do (na do-re-mi) zuwa do na sama sent 1200 ne, kowane maɓalli na fiyano kuma 100. Sautin Baba biyar ne, takunsa kuma ƙarami, ƙarami, babba, ƙarami, babba. Sai dai ƙaramin nasa ya ɗara 200 ɗin fiyano, ya kusa 220, babban kuma bai kai 300 ba. Ƙanana biyu a jere, rarar ta taru, shi ya sa na ukun ya tsaya wajen 436 alhali fiyano na ba shi 400. Fiye da sulusin maɓalli ke nan. Ba kunnena ba ne, ba kuma hannun Baba ba ne.

Yaron ya ce, “Manya biyu, ƙanana uku.” Ya gangara cikin jerin ya danna 2L 3s. A nan ne kaina ya waye. Ashe L babban taki ne, s ƙaramin taki, sunan kuma ƙirga su kawai yake yi. Da shafin ya buɗe sai ga 'yan gida ɗaya a jere, an tsara su bisa yadda babba ya fi ƙarami. In babba uku ne ƙarami biyu, biyu sau uku da uku sau biyu sun ba da 12, wato fiyanonmu na kullum. In huɗu da uku ne, an raba do zuwa do gida 17. In biyar da huɗu ne, gida 22. In suka zo daidai wa daida, gida 5, kowane taki 240. Fiyanon da na ɗauka shi ne alƙalin kowane sauti ashe ɗaya ne kawai a cikin dangi.

Muka gwada 17. Ƙaramin taki 212, babba 282. Baba ya karkata kai, ya ce da sauƙi. Muka gwada 22, ƙarami 218, babba 273. Na danna sautin uku a fiyano, ya ja nasa, suka narke suka zama ɗaya. Ya yi murmushi ya ce, “Yauwa. Yanzu ya gane ni.” Ɗauka ɗaya muka yi. Mawaƙin da tun ɗazu yake huci shi ya fita da kansa ya sayo mana fura.

Daren nan da an ce in ba ta tauraro, da goma zan ba ta. Na zauna har ƙarfe biyu ina tono. Tushen tsarin wani mai nazarin sauti ne, Erv Wilson, wanda a 1975 ya fayyace irin sikel ɗin da taki iri biyu ne kawai a cikinsu kuma a baje suke daidai gwargwado. Lambobin masu sanda kuwa suna gaya maka daga ina ka fara hawa. Ɗauki do, ka yi tsalle irin na do zuwa so: sama sau biyar, ƙasa sau ɗaya, ka tattara sautukan, manjo ke nan, 5|1. Maino 2|4. Lidiyan 6|0, Lokiriyan 0|6, Doriyan a tsakiya 3|3. Na yi shekaru ina haddace sunayen Girkawan nan kamar karatun aku, sunayen da ma mawaƙan cocin Turai suka cakuɗa su tun tsakiyar zamani, har Doriyan ɗin Girkawan dauri ba shi ne namu na yau ba. Kuma bakwai ne kacal. In sikel ɗinka taki takwas ne, wane ƙauyen Girka za ka aro? Lamba kuwa ba ta ƙarewa. A nan dole in sara wa masu tsarin.

Ba su ne farau ba ma. Mu da muka tashi da kiɗan Indiya a kunne, 'yan kudancin Indiya suna da uwayen sikel 72 da suke kira melakarta, tsarin da ake dangantawa da Venkatamakhin na ƙarni na 17. Daga baya aka saka lambar kowanne a cikin gaɓoɓi biyu na farkon sunansa. Mayamalavagowla, ma biyar, ya ɗaya, ka juya su, na 15 ke nan. Suna ga daɗin faɗa, ga lissafi a ɓoye. Kwatanta da waɗanda manhajar nan ta liƙa a gefen lambobinta, su smitonic da mosh da oneirotonic, waɗanda masu sha'awar abin suka ƙirƙira a intanet a 'yan shekarun nan. Yarona ya ce kamar sunayen maganin ɓera.

To daga nan ne fa haushin ya dawo, kuma da na ci gaba da tonawa sai ya ƙaru.

Can ƙasan jerin akwai jaka guda da suka sa wa suna Afirka. A ciki: Afirka 1, Afirka 2, Afirka 3, Afirka 4. Shi ke nan. Mutanen da suka iya zama su bambance 4L 3s da 3L 4s har da ba kowanne laƙabi, sun zo kan nahiya guda sun yi mata lambar ɗakin otal. Na buɗe, ɗaya raba-biyar ce daidai, irin wadda ake kusanta ta da amadinda ta Uganda, ɗaya raba-bakwai, taki 171, irin wadda ake kusanta ta da balafon na Gini da Mali. Ko layi ɗaya ba su rubuta ba. Ba na cewa sai sun san goge da kukuma da gurmi, amma ka karɓi dalata ka kira ni “na uku”? Manhajar Scala kyauta take, tana da taskar fayil sama da 5000, kowanne da ɗan layin bayaninsa a kai. Da na san haka tun farko, da na yi tunani sau biyu.

Sai kuma ranar da na so in yi burga. Wani sha'iri mai bege ya ce Rast yake so, ɗaya daga cikin sikel ɗin Larabawa. Na san takunsa a rabon 24 na Larabawa: 200, 150, 150, 200, 200, 150, 150. Manya uku, ƙanana huɗu. Na ce masa zauna ka ga aiki, na danna 3L 4s. Abin da ya fito ba Rast ba ne. Na bi hawa bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, babu. Dalili, a Rast manya biyu suna maƙwabtaka, tsarin kuwa baje su yake yi, babba ƙarami, babba ƙarami. Wannan iyakar tsarin ce, na yarda, amma aikin mai sayarwa ne ya faɗa. Sai da na shigar da lambobin da hannu, sha'irin na kallona yana cewa, “Malam, ai da ka bari na rera maka ka bi ni.” Gaskiyarsa. Wanda ya saba jin Rast da Bayati da Hijaz a bakin makarantan Masar ba tsani kawai yake ji ba, hanyar hawa da sauka yake ji, da inda ake tsayawa a huta. Babu wannan a cikin L da s.

Wani abin dariya ma, hawan da Baba ya yi, ƙarami ƙarami babba ƙarami babba, lambarsa 0|4, kuma a ƙa'idarsu shi ne “mafi duhu” a gidan, har da shafa masa shuɗi mai duhu a allo. Kiɗan da aka ce mata sun yi ta rangaɗa masa guɗa a wajen kamu. Lissafin daidai ne, don a wannan gidan da tsallen do zuwa fa ake ƙirgawa, amma kalmar ba ta shige ni ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na lasisi. Duk buɗewa sai ta leƙa intanet ta tabbatar ni ne. In netwok ya yi halinsa, ba ta faɗa, ba ta nuna ja, sai kawai ta mayar da komai 12 shiru. Haka na fitar da mikis na biyu na waƙar amaryar nan na tura, ban sake saurara ba don na gaji. Da asuba mawaƙin ya kira ni, ko gaisuwa babu: “Oga, kishiyoyin nan sun dawo.” Sau biyu na rubuta wa masu ita, har yau ko amsar inji ban samu ba. Yanzu sai na danna sautin uku na ji da kunnena kafin in fitar da komai.

Tauraro uku zan ba ta, biyu daga ciki ma na tsarin sunayen ne, wanda ba su suka ƙirƙira ba. In aikinka bai wuce fiyano da ototun ba, riƙe kuɗinka. In kana shigo da masu goge ko gurmi, koyi karanta L da s ɗin tukuna, kyauta ne, sannan ka yanke shawara.

Baba ya dawo makon jiya da wani aikin. Na buɗe fayil ɗin 22 da ƙarfin gwiwa, na ce yau ba wahala. Ya ja, na danna, suka ɗan goga kafaɗa. Muka sake aunawa, wannan karon na ukun ya sauko kaɗan, 17 ce ta fi kusa. Na ce, “Baba, ai ba nan ka tsaya ba rannan.” Ya ce, “Rannan amarya muka raka. Yau taken maigida ne.” Na tambaye shi ko wannan hawan yana da suna, ya ce sunansa taken maigida. Na je in adana shi da haka, manhajar ta ce gurbin suna harafi goma sha biyu kawai yake ɗauka.