Manhajar ba ta da laifi sosai, masu sayar da ita ne ba su san kayansu ba

Da a bara aka tambaye ni, tauraro biyar zan ba manhajar nan ba tare da dogon tunani ba. Kantin magani gare ni, kuma ita ke riƙe min lissafin kaya, ta nuna maganin da wa'adinsa ya kusa cika, ta ajiye sunayen masu bashi. A nan ba ni da ƙorafi. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne wahalar da na sha da na canza kwamfuta.

Tsohuwar ce ta fara ɗaukewa ana tsakiyar aiki, sai na sayi wata ta hannu, aka sa mata Windows 10 sabo fil, na kwashe bayanaina na mayar ciki. Na ɗora manhajar daga filashin da suka ba ni ranar saye, ta hau lafiya lau. Ina dannawa sai ga wani ɗan akwati da Turanci, wai ba za ta tashi ba saboda ba a samu MSVCP140.dll ba, in sake ɗora ta ko za a dace. Na sake, akwatin nan dai ya dawo. Ga mutane tsaye a bakin kanta da takardun asibiti a hannu, yaron shago ya koma rubuta ciniki a bayan kwalin farasitamol, farashin da ba mu haddace ba kuma sai mun buɗe tsofaffin rasit.

Na kira lambar kamfanin. Wanda ya ɗauka ko saƙon bai bari na gama karanta masa ba ya ce, "Alhaji, bairos ne." Na ce kwamfutar da aka yi wa sabon Windows, ko intanet ba ta hau ba, ina ta samo bairos? Sai ya turo min wani fayil ta WhatsApp mai wannan sunan, ya ce in jefa shi cikin foldar manhajar. Na bi umarninsa. Saƙon farko ya tafi, wani ya maye gurbinsa, wannan karon da lamba: 0xc000007b. Da na sake kira sai ya ce a yi wa kwamfutar fomatin gaba ɗaya, kuma in ina so su turo mutum, akwai kuɗin zuwa. Wallahi nan raina ya ɓaci. Na biya kuɗin manhaja, ina biyan na sabuntawa duk shekara, sannan in biya a zo a goge min lissafin bashin mutane?

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta ne ya cece ni. Yana ganin allon ya ce, "Kawu, kada ka yarda a yi fomatin, abin bai kai nan ba." Bayanin da ya yi min ya zauna min a kai. Ya ce manhajoji da yawa ba sa zuwa da duk kayan aikinsu, akwai fayilolin da suke tarayya a kansu, kamar guga ɗaya a rijiyar gidan haya. MSVCP140.dll na cikinsu, kuma yana zuwa ne a wani ƙunshi na Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable. Tsohuwar kwamfutata tana da shi ne saboda wata manhajar daban ta taɓa shigo da shi, shi ya sa ban taɓa ganin matsalar ba. Sabuwar kuwa babu komai a cikinta.

Lambar nan ta biyu ma ya gano dalilinta nan take. Ya duba ya ga manhajar ta sauka a foldar Program Files mai x86 a sunanta, wato 'yar 32-bit ce, fayil ɗin da aka turo min kuwa na 64-bit ne, tsari biyu ne na gina manhaja da fayilolinsu ba sa aiki da juna. Ta nemi abu, ta same shi, amma ba irin nata ba. Ya goge shi, ya shiga shafin Microsoft, ya sauko da vc_redist.x86.exe, abin da bai kai megabait 20 ba kuma kyauta ne. Ya ɗora, ya kashe kwamfutar ya kunna. Shayin da na zuba masa bai huce ba manhajar ta buɗe, masu bashina duk suna nan.

Ga wanda ya ci karo da irin wannan: lambar da ke cikin sunan fayil ita ke nuna ƙunshin da za ka nema. Mai 140 yana cikin ƙunshi guda da ya haɗa 2015, 2017, 2019 da 2022. Mai 120 na 2013 ne, mai 100 na 2010, kuma kowanne daban ake ɗora shi. Ko da Windows ɗinka 64-bit ne, in manhajar 32-bit ce to na x86 take so. Shafukan da ke raba fayilolin dll ɗaiɗai kuma ka guje su, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba.

Da komai ya daidaita na ce to, tauraro huɗu, tunda aikinta tana yi. Amma da ɗan ƙanwar tawa ya gaya min Microsoft ya yarje wa masu haɗa manhaja su sa ƙunshin nan a cikin abin ɗorawarsu don ya hau tare da ita, sai haushin ya dawo min sabo. Ke nan abin da za su gyara sau ɗaya a wajensu suka bar wa kowane mai saye ya yi ta fama. Ina tuna mai kemis ɗin da ke ƙauye wanda ba shi da ɗan ƙanwa mai karatun kwamfuta. Shi kam fomatin za a yi masa, ya rasa lissafinsa, ya biya kuɗin zuwa, kuma saƙon ya dawo, don sabon Windows bai zuwa da fayil ɗin.

Tauraro biyu na ba su. Na rubuta musu sunan ƙunshin da yadda aka gyara, na ce su sa shi a filashin da suke rabawa, su kuma koya wa mai ɗaukar wayarsu. Kuɗin sabuntawa ya kusa, kuma sai na ga sun yi hakan zan biya.