Goro ko lemon ƙara kuzari: amsa ga ƙaninmu mai gyangyaɗi a laccar rana

Ƙanina, tunda tambayarka tsakanin goro ne da lemon gwangwani mai ƙara kuzari, ɗauki goro.

Abin da ke korar barci a cikinsu iri ɗaya ne, sinadarin da ake kira kafin (caffeine a Turance). Tun daga tashinka da asuba wani sinadari da ake kira adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa ido ya yi nauyi. Shi kafin ɗin yakan je ya tare masa gurbin da yake zama, sai ka ji ka wartsake. Bambancin yana wajen yadda kowanne ke shiga jiki da abin da yake tahowa da shi. Ƙaramin gwangwani mai mil 250 yawanci yana ɗauke da kafin miligiram 80 da sukari wajen giram 27, kusan cokalin shayi 7 ke nan, kuma a tashi ɗaya kake kwankwaɗe shi saboda sanyi. Goro kuwa kafin ɗinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa idan ya bushe ba, ba sukarin da aka zuba masa, kuma ɗacinsa ba zai bar ka ka yi gaggawa ba. Gutsura kake yi kaɗan-kaɗan, kai ke da iko da adadin.

Ni koyarwa nake yi a nan Daura, kuma ka san yadda aji yake bayan azahar a watan Maris da Afrilu: kwano ya ɗauki zafi, fanka a tsaye, yara sun kifa kai a tebur, kai ma da kake gaban allo hamma kake dannewa. Wani dattijo da muke aiki tare, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ya nuna min yadda ake yi. Farin goro guda yake sayowa da safe, ya naɗe shi a ɗan tsumma mai laima ya sa a aljihun gaba. Ba ya taɓa shi sai an sallame azahar. Sai ya ɓara, ya miƙa min ɓari, ya ce in ciji kamar ƙwayar gyaɗa kawai in bar shi a kunci, in bi shi da ruwa. Kafin a buga ƙararrawar darasi na gaba idona ya washe, hannuna ba ya rawa, ƙirjina ba ya dukan uku-uku. Sauran ɓarin ma wani lokaci har gida nake kai shi. Idan ka samu daushe, wato wanda ya kwana biyu a huhu, ya fi sabon goro daɗin baki, kuma ba sai ka sayi marsa ba, minu ma ya ishe ka.

Lemon gwangwanin na taɓa sayen katan. Yana tashin mutum, ban musa ba, amma kafin la'asar ya sake ni da kasala da ƙishirwa, ga kuɗinsa ya ninka na goro sau da yawa.

Kada ka ɗauka goro ba shi da nasa. Yana rina haƙora, kuma in kana da gyambon ciki ko hawan jini, duka biyun ka ajiye su sai ka ga likita. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta faɗa a 2015 cewa babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafin a rana, mai juna biyu kuma 200, kuma shayinka na safe yana cikin lissafin. Sannan rabin kafin ɗin da ka ci yana nan a jininka bayan kamar awa 5. Shi ya sa wanda ya ci goro bayan la'asar yake kwana juyi, gobe ya fi jiya gyangyaɗi, ya ƙara adadi. Nan mutane da yawa ke faɗawa. Sinadarin kafin ba ya biyan bashin barci, ɗage shi yake yi. In kana raba dare kan waya, ko ƙwaryar goro ka cinye ba za ta riƙe ka ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Wasu masu goro suna zuba wa huhu maganin ƙwari don gudun sankara. Ka shinshina kafin ka biya, in ka ji wari irin na magani ka ajiye, wanda ka saya kuma ka wanke shi. Mai ƴan huji-huji ko baƙi a ciki sankara ta riga ka. A ɓangaren lemo, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a gindin gwangwani. In ka ga an kankare ta, ko gwangwanin ya kumbura ko ya yi tsatsa, bar masa kayansa. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne mai ce maka yana da haɗi na musamman na ƴan karatu, a shayi ko a gora marar suna. Akwai marasa tsoron Allah da ke jefa Tramadol a ciki, ka sha ka ji ƙarfi, ka wayi gari ba ka iya yini sai da shi. Ko abokinka ne ya miƙo maka, kada ka karɓa.

Gobe ka yi haka: rage tuwo ko furar da kake cika ciki da ita da rana, ka shiga aji da gorar ruwa, in ka samu sarari bayan azahar ka yi ƙailula ta minti 20, sannan ka ciji goronka ka zauna a layin gaba. In ka yi mako biyu kana samun barcin dare na awa 7 amma gyangyaɗin bai bar ka ba, musamman in ana ce maka kana minshari sosai ko kana yawan fitsari da ƙishirwa, je asibiti a auna maka jini da suga.