Takalmin soja na gwanjo a aikin gandu

Tsofaffin sojojin da suka koma gandun iyayensu a karkarar Bauchi sun san darajarsa, matasa ma suna nemansa wajen 'yan gwanjo a kasuwar Wunti. Wajen sassabe da yankan dawa ba shi da na biyu: ƙaya ba ta huda shi, yana kuma rufe idon sawu, inda maciji ya fi sara.

Amma a duba ƙasansa. Wanda aka liƙa da gam, laimar fadama kan ɓamɓare shi. A nemi mai ɗinki. A ƙara lamba ɗaya saboda safa mai kauri. In ya jiƙe a shanya a inuwa, domin zafin wuta na tsattsaga fatar, sannan a shafa man kaɗanya. Wajen bin garmar shanu dai ya yi nauyi.