Human Nature na Paul Cornell, littafin Doctor Who da ya fi na talabijin taɓa zuciya

Masu bin Doctor Who, shirin talabijin na BBC kan wani baƙon halitta mai yawo cikin zamani da ake kira Doctor, duk kun san labarin nan mai kashi biyu na 2007 inda David Tennant, wanda ke fitowa a matsayin Doctor a lokacin, ya koma malamin makaranta ya manta ko shi waye. To asalinsa littafi ne fa, Human Nature, Paul Cornell ya rubuta shi aka fitar a 1995, kuma shi ɗin dai ne ya dawo ya mayar da shi na talabijin. Na karanta shi kuma wallahi ya fi shiga raina nesa ba kusa ba.

Lokacin da littafin ya fito babu shirin ma kwata-kwata, BBC ta dakatar da shi a 1989 bayan ana ta yi tun 1963, sai kamfanin Virgin ya karɓi lasisi ya fara fitar da jerin New Adventures a 1991 don labarin ya ci gaba a takarda. Manya aka rubuta wa su ba yara ba, shi ya sa akwai abubuwan da ba za a taɓa nunawa a allo da yamma ba. Doctor ɗin ciki shi ne na bakwai (don Doctor yakan sauya kamanni lokaci zuwa lokaci), wanda Sylvester McCoy ya fito a matsayinsa, abokiyar tafiyarsa kuma ba Martha ba ce kamar a talabijin, Bernice Summerfield ce wadda ake ce wa Benny, masaniyar kayan tarihi mai tsiwa da kaifin baki.

Babban abin da ya bambanta su, kuma shi ne dalilin da na fifita littafin, shi ne me ya sa Doctor ya zama mutum tun farko. A talabijin gudu yake yi, maƙiya sun biyo shi ya ɓuya. A littafi babu wanda ya kore shi, da ƙafarsa ya je ya nema, domin Benny tana cikin jimamin rashin wani da take so shi kuma ya kasa gane wane irin ciwo ne wannan, duk da shekarunsa da wayonsa da zuciyarsa biyu. Sai ya kwashe duk abin da ya sa shi Time Lord, wato jinsin halittarsa, ya zuba a wani ɗan abu mai kama da ƙwallon kurket, ya zama Dokta John Smith mai koyar da tarihi a makarantar kwana ta maza a wani ƙauye da ake kira Farringham a Ingila, cikin watan Afrilun 1914, Benny kuma ta zama wai 'yar ɗan'uwansa. Wannan Doctor ɗin an san shi da juya mutane yadda yake so, sai ga shi yana in'ina gaban mace.

Soyayyarsa da Joan Redfern ita ce ran littafin. Malamar kimiyya ce a nan, ba nas ba kamar a talabijin, mijinta ya mutu, dukkansu sun manyanta, kuma Cornell bai yi gaggawa da su ba sam, hira ce a hankali da kunya da kyanwarta Wolsey na zagaya su, yana karanta mata tatsuniyar yara da yake rubutawa kan wani tsoho da akwatin 'yan sanda (siffar na'urar tafiyar Doctor ke nan) alhali bai san tarihin kansa yake bayarwa ba. Kai mai karatu ka sani, ita ba ta sani ba, shi ma bai sani ba, kuma ka san dole wata rana a ce masa ya zaɓa. Da aka zo wajen sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru.

Sannan ga batun yaƙi. 'Yan watanni kaɗan suka rage Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Agusta, su kuma yaran makarantar ana ta koya musu fareti da riƙe bindiga ana cusa musu cewa mutuwa don sarki da ƙasa abin alfahari ne. Littafin yana jin haushin wannan kuma bai ɓoye ba. Da maƙiya suka afka wa makarantar aka jera yara ƙanana bayan bindigogi, mutuwa suke yi da gaske a gaban malamansu. Haka zaluncin da manyan ɗalibai ke yi wa Timothy, yaron da ya tsinci ƙwallon, ya wuce tsokana ya kai ga igiya a wuya, a talabijin an sassauta shi sosai.

Inda ya gaza kuwa maƙiyan ne. Aubertides sunansu, dangi ne masu rikiɗa su shida, kuma har tsakiyar littafin ina ta komawa baya in duba wane ne wane, in ka cire Aphasia yarinyar nan mai balan-balan da Greeneye wanda ya zo ya yaudari Benny da cewa shi Doctor ne na gaba. Zubar da jininsu ya yi yawa a wasu wurare, ba tsoro yake ƙarawa ba sai ƙyama. Nan kam Family of Blood, maƙiyan na talabijin, sun fi tsari. Akwai kuma wasu guntayen zance da suka rataya kan littattafan baya, wanda bai bi jerin ba zai ɗan ruɗe, amma ba ya hana bin labarin.

Da Turanci yake, kuma maganar 'yan makarantar irin ta 1914 ce don haka sai an ɗan daure a farko. Bugun Virgin na asali ya yi wuyar samu, amma BBC Books ta sake buga shi a 2015, shi zan ce a nema. Akwai kuma na saurare wanda Lisa Bowerman ta karanta, ita ce muryar Benny a wasannin kwaikwayon saurare na kamfanin Big Finish, ga wanda ya fi son ji a kunne.