Safari zuwa Mole daga Kumasi: giwa ta biya, mota ba ta biya ba

Wani ɗan ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a nan Asawase, cikin Kumasi, ne ya haɗa tafiyar zuwa gandun dajin Mole da ke arewacin Gana, kuɗin ya haɗa mota, masauki da shiga daji. Sun ce tashi bayan asuba, kuma sun cika alkawari, abin da ba kasafai ake samu ba.

Motar ce matsala. Har Techiman lafiya lau, muna wuce Kintampo na'urar sanyi ta mutu, direba ya ce “Hajiya, a yi haƙuri, iskar Allah ta fi.” Daga gadar Buipe zuwa Damongo ƙura muka sha, gyalena fari ya koma ja. Abincin rana kuwa shinkafa ce da ta kwana.

Yaron da ke mana jagora shi ya wanke su. Ɗan Larabanga ne, wani gari kusa da Mole, Hausarsa garau. Wani dattijo a motar ya yi tsaki, ya ce wai me ya sa komai sai an sa masa sunan Turanci, har da wani safari. Yaron ya ce, “Baba, ai aro suka yi.” Daga Swahili Turawa suka ɗauka, a bakin Richard Burton, Baturen Ingila da ya shiga Gabashin Afirka neman mafarin kogin Nilu wajen 1857. Swahili kuma daga Larabci, safar, wato tafiya. Tushen safara tamu ke nan, wadda kakanninmu fatake suka yi da jakuna zuwa Salaga sayen goro, a wannan ƙasar ta Gonja da muke ratsawa. Dattijon ya ce to su riba suke komawa da ita, mu kuwa biya muka yi. Motar ta kwashe da dariya.

Mole, wadda ta zama gandun daji na ƙasa a 1971, ita ce mafi girma a Gana. Da ƙarfe 7 na safe aka fita da mu a ƙafa, ma'aikacin daji a gaba da bindiga. A bakin tafki muka tarar da giwaye, ɗaya na watsa wa bayanta taɓo da hanci, kusa har muna jin hucinta. Ba a shiga da silifa, kuma kamfanin bai faɗa mana ba, sai hayar takalmin roba na yi. Birai kuma ɓarayi ne, kada ki bar jaka a buɗe.

Mai son zuwa ya je da rani, lokacin da dabbobi ke taruwa wurin ruwa. Kafin ki ba da kuɗi, ki ce a nuna miki motar da idonki.