Na'urar gano ƙarfe da na saya don neman tsofaffin kwabbai

Tun ina yaro nake tara tsofaffin kuɗi. Mafarin abin wani gwangwanin alewa ne na kakata, cike da anini da ɗari da kwabo mai huji, waɗanda tuni aka daina ciniki da su. Da na girma sai na shiga kallon bidiyon mutanen Ingila da Amurka suna yawo a gonaki da na'ura suna tono kuɗin kakanninsu. Na Amurka har sun san abin da suke fata: kwabonsu na 1955 wanda rubutunsa ya fito ninki biyu, ko na 1943 da aka buga bisa kuskure da jan ƙarfe a shekarar da yaƙi ya sa aka koma baƙin ƙarfe. Na ce to, mu ma ai ƙasarmu ba ta rasa nata ba.

Na'urar da na saya irin mai arhan nan ce da ake tallatawa a intanet, mai faifai ɗaya da ɗan allo. An ce kwana uku, ta yi kwana tara kafin ta iso, kwalin a lotse, takardar bayani kuma shafi biyu ne na zane kawai. Na kira mai shagon, ya ce, "Malam, ba wani wahala. Ka murɗa maɓallin tacewa zuwa sama sosai, ba za ta yi maka kuka a kan tarkace ba sai kuɗi." Wannan shawara ita ta ci mini mako uku.

Wurin da na nufa gonar kawuna ce a ƙauyenmu, ƙasar Funtuwa, inda dattawa suka ce nan kasuwar auduga take ci kafin a mayar da ita bakin titi. Na nemi izininsa, muka je tare muka gaida mai unguwa, saboda a yankinmu duk wanda aka gani da irin wannan na'ura zinariya ake zaton yana nema, kuma ba na son ƙananan maganganu. Asabar uku a jere ina sharar gonar nan daga hantsi zuwa azahar. Abin da na samu: murfin tukunyar dalma, wani guntun munduwa, da kwabon Najeriya na 1959 guda biyu, jajaye, sun ci ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Har na rubuta wa mai shagon cewa zan dawo masa da kayansa.

A daren na zazzage gwangwanin kakata a kan tabarma, na riƙa wuce da kuɗin ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin faifan. Jan kwabo, ta yi ƙara. Farin kwabo na zamanin Turawa, shiru, kamar ba a gifta komai ba. Sai da na sauke maɓallin kusan ƙasa sannan ta amsa. Ashe fararen kwabban nan, da yake gaurayen jan ƙarfe ne da nikel, na'ura tana jin su kusan daidai da yadda take jin marfin gwangwanin lemo, don haka duk wanda ya ƙure tacewa ya toshe kunnensa daga ainihin abin da ya fito nema. Mutumin da ke sayar da abu ya kamata ya san wannan.

Asabar ta huɗu na koma da tacewar a ƙasa. Aiki ya ninku, domin yanzu kowace ƙusa da kowane guntun waya sai ta yi magana. Wajen ƙarfe sha ɗaya, a gindin wata tsamiya da ke kan iyakar gonar, na ji ƙara siririya mai maimaita kanta ko ta wane gefe na bi. Na haƙa bai kai taki ɗaya ba, na murje wani ɓurɓushin ƙasa a tafin hannuna, sai ga da'ira mai huji. Na zuba mata ruwan gora. Tauraro mai tsini shida ya fito, da 1936. Da na juya, ga kambin sarauta, ga ɗan rubutun Larabci, ga sunan Edward na takwas.

Sai da na zauna a ƙasa. Wannan sarki ya hau a watan Janairun 1936, ya sauka a Disamban shekarar, kuma a Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗinsa ga jama'a ba. Amma a Afirka ta Yamma an saki, tun da kwabonmu ba hoto a jikinsa, suna ne kawai a kewayen huji. Kada wani ya ɗauka dukiya na tono. An buga irinsa da yawa, masu tarawa suna samunsa da sauƙi. Abin da ya sa hannuna rawa shi ne hujin. Ba a tsakiya yake ba. Ya kauce sama har ya ɗan ci gindin kambin, kuma ba huji na biyu, ba alamar wani maƙeri ya taɓa shi don a yi abin wuya. Bakinsa sumul, ya lashe daidai da sauran jikin kwabon. Haka ya fito daga gidan buga kuɗi. A gida, da madubin ƙara girma, na ga ɗan harafin H, alamar masana'antar Heaton da ke Birmingham. Wato wani injin a can ya kuskure, ba wanda ya lura, kwabon ya hau jirgin ruwa, ya shiga hannun manomin auduga, ya faɗi a gindin tsamiya.

Kawu ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Ɗan nan, irin wannan muke zura wa zare mu ɗaura a ƙugu. Sha biyu sule guda." Ya daɗe yana riƙe da shi, yana lissafa mini taro da sisi da nai kamar jiya aka daina. Ban goge shi da komai ba sai ruwa da tsohon buroshin haƙori. Na taɓa lalata wani anini da lemun tsami da toka, har yau ina jin zafin abin.

A ranar da an tambaye ni, da na ce kowa ya saya. Yanzu da nake rubutu bayan wata huɗu, ba zan faɗi haka ba. Gefen gonar da ke da jar ƙasa mai marmara, na'urar ba ta aikatuwa sam. Kuka take yi ba ƙaƙƙautawa, saboda ƙarfen da ke cikin ƙasar kanta, kuma ba ta da maɓallin daidaita ta da irin ƙasar wuri. Rabin gonar ke nan, kuma a can ne aka ce rumfunan masu awo suke. Zurfin da aka rubuta a tallar ma ban gan shi ba. Kwabo in ya wuce taki ɗaya, sai dai a haƙura. Batir ba ya kai yini biyu na aiki. Ramin da ake soka abin kunne ya saki a wata na biyu, sai da lasifika nake aiki, yara na biye da ni a duk inda ta yi ƙara.

Wanda ƙasarsu rairayi ce ko baƙar fadama, zai iya morar ta, in ya gwada ta da tsofaffin kuɗinsa kafin ya fita. Mai jar ƙasa ya ƙara kuɗi ya nemi mai daidaitawa. Murfin batir ɗin kuma ya tsage tun makon da ya wuce, na aika wa mai shagon saƙo har sau uku, yana gani bai amsa ba. Da robar tayar keke na ɗaure shi.