Jakar Goyo ko Jakar Rataye: Wacce Ta Dace da Mai Ɗaukar Hoto a Jidda?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce kana ɗaukar hotunan biki a Jidda da Makka, wani lokaci kuma kakan fita zuwa Ɗa'if ko Al-Ula domin hoton duwatsu da tsofaffin wurare. Kayan aikinka su ne kyamarar Canon 5D Mark IV, da gilashi biyu, wato lens ɗin da ake ɗaura wa kyamara, 24-70 da 70-200 masu buɗewar f/2.8, da fitilar filash guda ɗaya, da kwamfutar hannu. Kafaɗarka ta dama ta soma ciwo bayan kowane aiki, kana kuma so ka san ko za ka sayi jakar rataye wadda ta fi ta yanzu kyau, ko kuwa ka koma jakar goyo. Ra'ayina shi ne ka koma jakar goyo mai ɗamarar ƙugu, amma zan jera maka su biyun gefe da gefe, domin kowacce tana da inda ta fi 'yar'uwarta, kuma bai kamata ka kashe kuɗinka ba tare da ka san abin da za ka rasa ba.

A fara da sikeli, domin shi ne zai raba gardama. Kyamararka da batirinta ta kusa giram 900, gilashin 24-70 ya ɗan haura giram 800, na 70-200 kuwa kusan kilo ɗaya da rabi ne shi kaɗai, filash da baturansa kuma wajen rabin kilo. Idan ka haɗa da baturan ajiya da caja, ka kai kilo 4 ke nan kafin kwamfuta ta shiga, ita kuma za ta ƙara kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a ɗora nauyin jakar kanta. Duk wannan nauyi jakar rataye tana ɗora shi a wuri guda, tsakanin wuyanka da ƙashin kafaɗa, sai jikinka ya riƙa ɗage wannan kafaɗar yana karkata ɗaya ɓangaren domin kada igiyar ta zame, ba tare da ka lura ba. Wannan ɗagewar ta sa'o'i ita ce ke haifar da ciwon da kake ji. Igiya mai faɗi da soso mai kauri za su rage maka zafin da igiya ke yi wa fata, amma ba za su mayar da nauyin ko'ina ba, saboda haka jakar rataye mai tsada za ta jinkirta ciwon ne kawai.

Jakar goyo tana raba nauyin a kafaɗu biyu, amma ba wannan ne babban amfaninta ba. Amfanin yana cikin ɗamarar ƙugu, wadda idan tana da faɗi da soso, aka kuma ɗaure ta daidai a kan ƙashin ƙugu, takan sauke mafi yawan nauyin daga kafaɗa ta mayar da shi kan ƙafafu. Dubi yadda uwa ke goyon ɗanta: manne yake da bayanta, nauyinsa zaune a kan ƙugunta, shi ya sa take iya wuni da shi tana aikinta. A nan ne mutane da yawa suke kuskure wajen saye, domin akwai jakunkunan kyamara masu kyawun gani waɗanda ɗamararsu siririyar igiya ce kawai, aikinta hana jaka lilo, ba ɗaukar kaya ba. Wasu kuma, kamar sabon samfurin Everyday Backpack na Peak Design, ɗamarar daban ake sayenta. Sai kuma tsawon jakar: idan ta yi maka gajarta, ɗamarar za ta zauna a kan cikinka maimakon ƙugu, nauyin kuma ya koma kafaɗa kamar ba a yi komai ba. Ƙaramar igiyar da ke haɗa maratayan biyu a ƙirji ita ma tana da amfani, musamman wajen hawan dutse, domin tana hana su buɗewa gefe.

Inda jakar rataye ta yi wa ta goyo nisa shi ne saurin kai hannu ga kaya. A wurin biki, lokacin da ango ya shigo ana gaisawa, kana buƙatar sauya gilashi cikin daƙiƙa kaɗan, jakar da ke gefenka kuwa murfinta kawai za ka ɗaga, ka ajiye wannan ka ɗauki wancan kana tsaye. Dalilin da ya sa 'yan jarida suka daɗe suna riƙe da jakar Domke F-2 ke nan, wadda ta fito tun 1976 kuma har yau ake yin ta. Kamfanin Think Tank ma suna da samfurin Retrospective, wanda aka yi wa mannen murfinsa (Velcro) abin rufewa domin kada ya yi ƙara idan an buɗe, kuma duk wanda ya taɓa ɓare irin wannan manne a zauren da aka yi tsit ana addu'a ya san darajar hakan. Jakar goyo ta gargajiya kuwa sai ka sauke ta, ka nemi wurin ajiyewa, ka buɗe, ka rufe, ka sake goyawa, kafin nan abin da kake son ɗauka ya wuce. Masu ƙera ta sun rage wannan matsala ta hanyoyi biyu. Wasu sun yi mata ƙofa a gefe, sai ka zare maratayi ɗaya ka juyo da ita gabanka ka zaro kyamara, kamar yadda ProTactic na Lowepro yake. Wasu kuma sun mayar da ƙofar ɓangaren da ke manne da bayanka, kamar Flipside, inda za ka zare maratayan biyu ka juya jakar a kan ɗamarar ƙugu ta dawo gabanka, ka buɗe ta ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Duk da haka, babu wadda ta kamo jakar rataye wajen sauri.

Yanayin ƙasar nan ma yana da nasa hukuncin, kuma ba ɓangare ɗaya yake goyon baya ba. A zafin Jidda mai haɗe da laimar teku, jakar goyo tana jiƙa bayan riga da gumi cikin ɗan lokaci, wanda kuma ya je biki da farar jallabiya ba zai ji daɗin hakan ba. Ka nemi wadda bayanta ke da raga da kwaroron da iska ke bi, duk da cewa ragewa kawai yake yi. Ta fuskar ƙura kuwa jakar goyo ce a gaba, domin zif ne ke rufe ta ko'ina, alhali yawancin jakunkunan rataye murfi ne kawai ke lulluɓe da bakinsu, yashi mai laushi irin na Al-Ula kuma yana shiga ta kowace kusurwa. Mai ƙofa ta baya tana da ƙarin fa'ida a nan: idan ka kwantar da ita a kan yashi, fuskarta ce ke taɓa ƙasa, ɓangaren da zai koma jikin rigarka yana sama a tsabtace. Rigar ruwan da ake haɗa wasu jakunkuna da ita, wadda Lowepro ke nunawa da haruffan AW, ta fi yi mana amfani a ranar guguwar ƙura, sai dai in za ka je Abha, inda ruwan sama ba baƙo ba ne.

Akwai abu biyu da suka shafi kowace jaka ka saya. Idan ka fito daga ɗaki ko mota mai sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, zuwa cikin laima, gilashi yakan yi gumi ya rufe da hazo, maganinsa kuwa shi ne ka bar kayan cikin jakar a rufe na ɗan lokaci har su ɗumama a hankali. Na biyu, kada jakar ta zama ma'ajiyar dindindin, domin duhu da laima su ne abin da fumfuna ke so, kuma idan ta yi saƙa a cikin gilashi, gyaran yana da tsada. Ka zuba ƙullin silika masu tsotse laima a ciki kana sauya su, a gida kuma ka fitar da gilasan zuwa wuri busasshe.

Wajen cunkoso, kamar lungunan Al-Balad, tsohon garin Jidda, da dare ko kasuwar Ramadan, jakar rataye tana gabanka ƙarƙashin hannunka, jakar goyo kuwa tana bugun mutane duk lokacin da ka juya, kuma ba ka ganin zif ɗinta. Mai ƙofa ta baya ta magance rabin wannan, tunda babu mai buɗe ta tana jikinka. Ka kuma tuna cewa ba a barin shiga Harami da manyan jakunkuna, saboda haka ranar da za ka haɗa aiki a Makka da salla a can, ka shirya inda za ka ajiye ta, wurin kuma kada ya zama motar da aka bari a rana, domin kamfanonin kyamara da kansu sun iyakance zafin da kyamara ke aiki a cikinsa a digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa yana wuce haka da nisa.

Batun jirgin sama ya cancanci ka yi lissafinsa tun kafin saye. Jakar goyo mai soso sosai takan kai kilo 2 ko fiye ba komai a cikinta, yayin da iyakar kayan hannu a ƙaramin tikiti na yawancin jiragen cikin gida kilo 7 ne. Kayanka da kwamfuta da irin wannan jaka za su iya haura iyakar, ga shi kuma baturan ajiya dole a kayan hannu suke tafiya, gilashi kuma ba abin da za a miƙa wa masu lodi ba ne. Saboda haka idan jakunkuna biyu suka yi daidai a wurinka, ɗauki wadda ta fi sauƙin nauyi. Akwati mai taya ban ga ya dace da kai ba. Yana da kyau a kan tayil ɗin zauren biki, amma ba ya tafiya a yashi ko matakala.

Tsarin da nake ba ka shawara a kai shi ne jakar goyo mai cin lita 20 zuwa 25 ta kai kayan daga gida zuwa wurin aiki, da kuma duk tafiyar da za ka yi da ƙafa. Idan ka isa zauren, ka ajiye ta inda idonka ke kai, kyamara tana hannunka, gilashi na biyu da batir kuma suna cikin 'yar ƙaramar jaka mai igiya ɗaya da ka gicciya a ƙirji. Kilo ɗaya ko biyu ba zai dami kafaɗarka ba, saurin da kake buƙata kuma yana nan. Jakarka ta yanzu ma za ta iya yin wannan aiki idan ka rage mata kaya.

Ranar saye ka tafi shago da kayanka, ko aƙalla ka auna su da tef ka gwada da ma'aunin cikin jakar, ba na wajenta ba. Gilashin 70-200 ya kusa santimita 20 a tsawo, kuma ya kamata ya shiga yana ɗaure da kyamara, domin haka za ka fi son ajiye shi a tsakiyar aiki. Ka jera mafi nauyin kayan kusa da bayanka, ka ɗaure ɗamarar ƙugu tukuna kafin ka ja maratayan kafaɗa, ka zaga cikin shagon na wasu mintuna, ka sunkuya ka miƙe. Idan za ka iya zura yatsunka ƙarƙashin maratayin kafaɗa cikin sauƙi alhali jakar ba ta zame ƙasa ba, ɗamarar tana aikinta. Wadda za ka saya ta hannu a Haraj kuwa, wato shafin intanet na saye da sayarwa a Saudiyya, ka duba zif ɗin babbar ƙofa da ɗinkin da ya haɗa maratayi da jikin jaka, ka kuma matsa soson ƙasanta da yatsa ka ga ko yana dawowa.